Kada Mu Jira Sai Aji Huɗu

'Yan'uwa manoma, kowa ya san gonar da aka makara da noman fari. Ko an zuba taki daga baya, dawar ba ta murmurewa sosai. Haka yaron da ya gama aji biyu bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Mun saba cewa, "A bar shi, zai gane in ya girma." Yawancinsu ba su ganewa. Daga aji huɗu malami ya daina koyar da karatu, sai dai ya ce a buɗe littafi. Yaron nan yana can baya yana kwafar allo, bai san abin da hannunsa ya rubuta ba. Bayan shekara biyu uban ya ce boko bai karɓe shi ba, a mai da shi kiwo.

Ba a ƙauyukanmu kaɗai ba ne. A 2022 Bankin Duniya ya kimanta cewa a Afirka kudu da Sahara kusan yara 9 cikin 10 masu shekara 10 ba su iya karanta gajeren labari su fahimta. Yara masu yawa haka ba za a ce duk daƙiƙai ne ba. Aji ya cika maƙil, malami yana faɗa yara suna amsawa kamar waƙa, ba wanda ya san wane ne ke karantawa, wane ne ke bin bakin maƙwabci. Mu ma da namu laifin: lokacin girbi muna ɗauke yaro mako uku, ya dawo an wuce shi.

Wani yaron kuwa kunnensa ke zubar da ruwa, ko ba ya ganin allo. A kai shi asibiti. Akwai kuma kaɗan da ke ta rikita b da d, ko ɓ da ɗ, alhali suna da wayo a gona da kasuwa. Waɗannan maimaici da haƙuri suke bukata. Bulala tana koya musu tsoron littafi ne kawai.

Shawararmu ita ce kowace ƙungiya ta gwada 'ya'yan membobinta na aji ɗaya zuwa uku da zarar amfanin gona ya shiga rumbu. Gwajin ba wuya. A zauna da yaro shi kaɗai, ba a gaban abokansa ba. A nuna masa baƙaƙe, sa'an nan kalmomi, sa'an nan jimloli kaɗan, sa'an nan ɗan labari. Inda ya tsaya, nan ne matsayinsa. Sai a raba yaran bisa matsayi, ba bisa aji ko shekaru ba, a koya musu awa ɗaya da yamma, kwana huɗu a mako, har faɗuwar ruwan fari. Wannan dabara ba tamu ba ce. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta fito da ita, an kuma gwada ta a makarantun Wudil da Dawakin Tofa a Jihar Kano daga 2019.

Da wane harshe? Da wanda yaron ke ji. Hausa kusan yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, wasulanta biyar ne. Yaron da ya kama ba, bi, bu da ka, ki, ku, ran nan zai karanta "baki" da "buka" da kansa. Turanci ba haka yake ba. Inda yara sun fi jin Ngas ko Tangale ko Jju, kuma akwai littafin koyon karatu a harshen, a fara da shi. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara firamare da harshen gida, amma a Nuwamba 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar cewa da Turanci za a koyar. A ganinmu wannan ya ƙara mana nauyi ne, gama wanda ya iya karatu da harshensa ya fi saurin kama na Turanci.

Malamai muna da su: samari da 'yan matanmu da suka gama sakandare suna zaune a gida da rani. Ƙungiya ta ware musu hatsi daga rumbunta, kada a ce su yi don lada kawai, za su gaji. Bencin ɗakin sujada yana nan ba mai amfani da shi ranar Talata. Kwali da alli sun isa a yi katunan baƙaƙe. A kuma sanar da hedimasta tun farko, don kada ya ɗauka ƙararsa ake yi.

Za a ce wa zai koro awaki, wa zai ɗebo ruwa? Gaskiya ne, kuma 'yan mata ne za a fara hanawa. Zumuntar mata ta zauna ta tsai da lokacin da ba zai ci karo da zuwa rijiya ba. Bayan mako shida a sake gwajin, sakatare ya rubuta yara nawa suka hau mataki, ya karanta a taron ƙungiya tare da lissafin taki.