Falls Church, Virginia

Falls Church ƙaramin birni ne mai cin gashin kansa a arewacin jihar Virginia ta ƙasar Amurka. Yana yamma da Washington, babban birnin ƙasar, da tazarar kimanin kilomita 10. Gundumar Arlington ce ke gabas da shi, gundumar Fairfax kuma ta kewaye shi ta sauran ɓangarorin. Ƙidayar jama'a ta 2020 ta nuna mutum 14,658 ne ke zaune a cikinsa. Faɗin ƙasarsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 5, wanda hakan ya sa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin biranen Virginia masu cin gashin kansu. Mazaunansa kan yi masa laƙabi da "Ƙaramin Birni".

Falls Church ya ɓalle daga gundumar Fairfax a 1948 domin ya riƙe makarantunsa da kansa. Tun daga lokacin, tambayar da ke gaban kowace majalisar birnin ita ce yadda gari mai wannan ƙaramin fili zai ɗauki nauyin makarantu masu tsada ba tare da harajin ya kori mazauna ba. Yawancin muhawarar da ake yi a yau kan dogayen gine-gine da tsadar gidaje daga nan ta samo tushe.

Asalin suna

Sunan garin na wani coci ne. A 1734 mabiya Cocin Ingila suka gina cocin katako a kan hanyar da ta nufi wani gangaren ruwa na kogin Potomac da ake kira Little Falls, sai mutane suka riƙa kiransa cocin gangaren ruwa. A 1769 aka kammala ginin bulo da ya maye gurbinsa, bisa zanen James Wren, kuma har yanzu yana nan a tsakiyar gari. George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, yana cikin kwamitin dattawan da ke kula da cocin yankin a wancan zamani.

Sunan ya fi birnin girma. Gidan waya na amfani da adireshin Falls Church ga unguwanni da dama na gundumar Fairfax, irin su Seven Corners da Bailey's Crossroads. Hedikwatar kamfanin Northrop Grumman tana da adireshin Falls Church amma ba a cikin birnin take ba. Haka ma makarantar sakandare ta Falls Church, mallakar gundumar Fairfax ce. Tashoshin jirgin Metro guda biyu masu ɗauke da sunan, waɗanda aka buɗe a 1986, su ma suna wajen iyaka: ta gabas a Arlington, ta yamma a Fairfax.

Tarihi

Garin ya fara ne a matsayin ƙauyen manoma a mahaɗar hanyoyi. Layin dogo ya iso shi dab da yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. A farkon yaƙin ƙauyen ya shiga tsakanin rundunonin Arewa da na Kudu. A watan Satumba na 1861 Thaddeus Lowe ya hau babban balan-balan yana nuna wa maharban igwa na Arewa inda sojojin Kudu suke a yankin Falls Church. A 1875 aka ba wurin matsayin gari a ƙarƙashin gundumar Fairfax.

An sauya iyakokin garin fiye da sau ɗaya, kuma kowane sauyi yana da dalilinsa. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 shugabannin garin, waɗanda fararen fata ne, sun mayar wa gundumar Fairfax wani babban yanki na kudancin gari inda baƙaƙen fata suka fi yawa, abin da ya rage ƙarfin ƙuri'arsu a zaɓen gari. A 1915 majalisar garin ta kawo dokar da za ta keɓe wa baƙaƙen fata inda za su zauna. Joseph Tinner, wanda sana'arsa sassaƙa dutse ce, da malamin makaranta Edwin B. Henderson suka tara jama'a a unguwar Tinner Hill suka kafa ƙungiyar adawa da dokar. Wannan ƙungiya ce ta zama reshe na farko na NAACP a yankin karkara. Dokar ba ta yi aiki ba, kuma a 1917 Kotun Ƙolin Amurka ta soke irin waɗannan dokoki a shari'ar Buchanan da Warley. A 1936 kuma ɓangaren gabas na garin ya fice ya tsaya a gundumar Arlington.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ma'aikatan gwamnatin tarayya suka cika kewayen Washington, gonaki suka koma unguwanni. Iyayen yara a Falls Church ba su gamsu da makarantun gundumar Fairfax ba, wadda a lokacin rabinta karkara ce. A 1948 garin ya zama birni, a 1949 kuma ya kafa hukumar makarantunsa. Makarantun ba su fara karɓar yaran baƙaƙen fata ba sai a farkon shekarun 1960.

Matsayin birni mai cin gashin kansa

A yawancin jihohin Amurka, birni wani ɓangare ne na gundumar da yake ciki, mazaunansa suna biyan haraji ga duka biyun. A Virginia ba haka ba ne. Duk wurin da ya zama birni ya fita daga gunduma gaba ɗaya, ya zama takwaranta a idon doka. Akwai irin waɗannan birane 41 a Amurka, 38 daga ciki a Virginia suke. Ragowar ukun su ne Baltimore, St. Louis da Carson City.

Amfanin wannan matsayi shi ne harajin gidaje da filaye yana tsayawa a aljihun birni, kuma mazauna su ke yanke yadda za a kashe shi. Nauyinsa shi ne babu gundumar da za a jingina da ita. Tun 1987 majalisar dokokin jihar ta dakatar da ikon da birane ke da shi na haɗiye filayen gunduma, saboda haka birni ba ya iya faɗaɗa sai da yardar maƙwabtansa. Wasu ƙananan birane sun kasa ɗaukar nauyin sun koma matsayin gari a ƙarƙashin gunduma: South Boston a 1995, Clifton Forge a 2001, Bedford a 2013. Falls Church bai shiga wannan sahu ba, kuma babban dalili shi ne kusancinsa da Washington, wanda ya sa ƙasarsa ke da daraja ƙwarai.

Yawan jama'a

A 1950 mutanen birnin 7,535 ne. Sun kai 10,772 a 1970, sannan suka ragu zuwa 9,515 a 1980 yayin da yaran gidajen farko suka girma suka tashi. A 2000 adadin ya koma 10,377, a 2010 ya kai 12,332, a 2020 kuma 14,658. Wato cikin shekara ashirin jama'a sun ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari, alhali fili bai ƙaru ba sai ɗan kaɗan. Yawancin ƙarin ya fito ne daga benayen haya da aka gina a bakin manyan titunan birnin biyu, Broad Street da Washington Street.

Kimanin kashi biyu cikin uku na mazauna fararen fata ne. 'Yan asalin Asiya da 'yan asalin Latin Amurka kowannensu ya kai wajen kashi ɗaya cikin goma, baƙaƙen fata kuwa ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na manya suna da digirin jami'a, kuma birnin yana cikin wuraren da kuɗin shigar iyali ya fi yawa a duk Amurka. Da yawa daga cikin ma'aikata suna aiki da gwamnatin tarayya ko kamfanonin da ke yi mata kwangila.

A gefen gabashin birnin akwai kasuwar Eden Center, wadda aka buɗe a 1984. Tana da shaguna da gidajen abinci sama da ɗari, galibinsu na 'yan asalin Vietnam da suka zo bayan yaƙin ƙasarsu. Masu saye suna zuwa daga jihohi daban-daban, kuma harajin ciniki da na abinci da ake samu daga wurin yana da muhimmanci ga baitulmalin birnin.

Gwamnati

Birnin yana bin tsarin majalisa da manaja. Majalisar tana da kansiloli bakwai da duk birnin ke zaɓa baki ɗaya, ba mazaɓa-mazaɓa ba. Wa'adinsu shekara huɗu ne, kuma ana zaɓen wani ɓangare nasu duk bayan shekara biyu. Ba a rubuta sunan jam'iyya a takardar ƙuri'ar kansiloli. Su ne ke zaɓen magajin gari daga cikinsu, kuma a watan Janairu na 2024 suka zaɓi Letty Hardi. Aikin yau da kullum yana hannun manajan birni, ma'aikaci ne da majalisa ke ɗauka kuma tana iya sallamarsa. Jama'a suna zaɓen ma'aji, da jami'in tantance haraji, da sherif, da kuma hukumar makarantu mai mutum bakwai.

Cin gashin kan bai hana dogaro da maƙwabta ba. Birnin yana da 'yan sandansa da ɗakin karatunsa, amma babbar kotu da ofishin mai gabatar da ƙara na tarayya ne tsakaninsa da Arlington, kuma Arlington ce ke ba shi ma'aikatan kashe gobara bisa yarjejeniya. Ayyukan lafiya da na jin daɗin jama'a da dama yana sayensu ne daga gundumar Fairfax, wadda mutanenta sun haura miliyan ɗaya.

A zaɓen ƙasa birnin na jam'iyyar Democrat ne. A 2020 Joe Biden ya samu fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙuri'unsa. Saboda haka saɓanin siyasar cikin gida ba na jam'iyya ba ne, na fili ne da haraji.

Makarantu da kuɗin shiga

Makarantun birnin suna da ɗalibai sama da 2,500, kuma su ne ke cin kaso mafi girma na kasafin kuɗi. Hukumar makarantu ba ta da ikon sanya haraji. Ita ce ke tsara abin da take buƙata, majalisa kuma ta amince ko ta rage, don haka kowace shekara akan yi ja-in-ja kafin a tsaida kasafi. Sunan da makarantun suka yi shi ke jawo iyalai, iyalan su ƙara yawan ɗalibai, ɗaliban su ƙara kashe kuɗi, farashin gidaje kuma ya ƙara hawa.

Shekaru da dama birnin yana da wata kafar samun kuɗi: hukumar ruwansa, wadda yawancin masu shan ruwanta suna gundumar Fairfax. Ribar ruwan takan shiga asusun birni. Hukumar ruwa ta Fairfax ta kai ƙara, kuma a 2010 kotu ta ce wannan riba haraji ce da aka ɗora wa mutanen da ba su da ƙuri'a a birnin. A watan Nuwamba na 2013 mazauna suka amince a ƙuri'ar raba gardama a sayar da hukumar ruwan kan dala miliyan 40. A cikin yarjejeniyar aka gyara iyaka, birnin ya samu fili kusan eka 40, ciki har da harabar makarantar sakandarensa wadda a da take cikin ƙasar Fairfax.

A 2017 aka sake ƙuri'ar raba gardama, aka amince da cin bashin dala miliyan 120 don gina sabuwar sakandare. Bashin yana da nauyi ga gari mai mutum dubu goma sha huɗu. Dabarar biyansa ita ce a gina makarantar a tsaye, hawa-hawa, a kan ƙaramin fili, sannan a ba 'yan kasuwa hayar kimanin eka 10 na tsohuwar harabar na shekara 99 su gina gidaje, otal, ofisoshi da shaguna. Wannan shi ne aikin West Falls. An buɗe makarantar a 2021. A shekarar ce kuma aka sauya mata suna daga George Mason zuwa Meridian, aka kuma sauya sunan firamaren Thomas Jefferson zuwa Oak Street, saboda mutanen biyu sun mallaki bayi. Makarantar tsakiya ta birnin tana ɗauke da sunan Mary Ellen Henderson, malamar baƙaƙen yara kuma matar Edwin B. Henderson.

Muhawarar gidaje

Masu goyon bayan sabbin benaye suna cewa bene ɗaya mai shaguna a ƙasa yana kawo haraji fiye da abin da filin ke kawowa sa'ad da yake filin ajiye motoci, kuma masu haya a ƙananan ɗakuna ba su cika kawo yara da yawa makaranta ba. A ganinsu, in ba a gina sama ba, duk nauyin zai koma kan masu gidaje. Masu adawa suna kukan cunkoson motoci, da sare itatuwa, da ambaliyar ruwan sama a unguwannin da ke gangare, da kuma ɓacewar kamannin ƙaramin gari wanda shi ne ya kawo su tun farko.

Akwai kuma batun wanda zai iya zama a birnin. Gidan iyali guda a Falls Church yakan kai dala miliyan ɗaya ko fiye. Malamai, 'yan sanda da ma'aikatan gidajen abinci da yawa suna zuwa aiki ne daga wasu wurare. Majalisa takan sa wa masu gina benaye sharaɗin ware wasu ɗakuna a farashi mai sauƙi kafin ta ba su izini, kuma a 2023 ta sassauta dokar gini a filayen da ke tsakanin titunan kasuwa da unguwanni domin a samu ƙananan gidaje. Masu fafutukar gidaje suna danganta wannan da tarihin Tinner Hill. Suna cewa abin da aka taɓa yi da layin iyaka da doka, yanzu farashi ne ke yinsa. 'Yan kasuwar Eden Center su ma sun nuna damuwa sa'ad da birnin ya tsara makomar yankinsu, suna tsoron kada sabon gini ya ɗaga kuɗin haya ya kore su.

Rage ma'aikatan tarayya da gwamnatin Donald Trump ta fara a 2025 ya ƙara wani abin dubawa. Kasafin birnin ya dogara ne da darajar gidaje da cinikin shaguna, su kuma sun dogara da albashin da ke fitowa daga Washington. Bashin makarantar zai ɗauki shekaru ana biya, filin da ya rage a bakin manyan tituna kuma yana ƙarewa.