Tarkon Waya da Tarkon Ɓera

Iyayenmu suna cewa wasan Clash of Clans ɓata lokaci ne da cinye data. Gaskiya ne, idan ya hana mu karatu. Amma mu 'yan Ƙauyen Alu mun ƙaru da shi. Idan aka rushe garinmu, muna sake kallon harin, mu ga inda maƙiya suka ɓullo, mu mayar da bam can.

Ɓera ma jikin bango yake bi, ba tsakiyar ɗaki ba. Ga cin littattafanmu, ga yaɗa zazzaɓin Lassa. 'Yan uwa ɗalibai, mu ɗana tarko a azuzuwanmu, in bai kama ba mu sauya masa wuri. Amma kada mu taɓa mushen da hannu!