Haƙƙin Wanda Aka Kama

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar caji ofis da la'asar, ya tarar da dattijai mata riƙe da langar tuwo suna jiran izinin miƙa wa 'ya'yansu, waɗanda wasunsu sun shafe mako a bayan kanta ba a ko faɗa musu laifinsu ba, lalle zai gane cewa tsarin mulkin da ake ta muhawara a kansa a Abuja har yanzu bai iso unguwanninmu ba. Alhali kuwa kundin nan na 1999, wanda shugaban ƙasa da gwamnoni da alƙalai suka yi rantsuwar kiyayewa, ya bayyana tun a sashensa na farko cewa shi ne gaba da kowace doka, kuma hukuncinsa yana hawa kan mai mulki kamar yadda yake hawa kan talaka.

A babi na huɗu, sashe na 35, an wajabta wa hukuma ta sanar da wanda ta kama dalilin kamunsa a rubuce, cikin harshen da yake ji, kafin awa 24 su cika. In kuwa akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, to a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya, in babu, kwana biyu, sai fa idan tuhumar ta laifin da hukuncinsa kisa ne. Yana da ikon yin shiru har ya gana da lauya, kuma wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba ya cancanci diyya da neman gafara a bainar jama'a. Sashe na 36 kuma ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai hujja ta tabbata a kansa, mas'alar da ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna gaban malaman fiƙihu, domin tun fil'azal kawo shaida wajibin mai ƙara ne.

Abin takaici, bilhasali, shi ne abubuwan da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta ƙarara su ne aka fi yi. Ta hana a kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ya gudu, ta hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Amma ɗan kasuwa nawa ne, idan an ci masa kuɗi, yake nufar kotu kafin ya nufi ofishin DPO? Mu ma da hannunmu a cikin wannan zalunci. Ga shi an liƙa a bango cewa beli kyauta ne, sai dangi su yi karo-karo su biya, su kuma yi godiya, saboda tsoro da jahilcin haƙƙinsu.

Ra'ayina shi ne malamai masu wa'azi da gidajen rediyonmu su riƙa karanta wa jama'a babi na huɗu da Hausa, sashe bayan sashe, kamar yadda ake karantar da hukunce-hukuncen gado da na ciniki. Kai kuma mai karatu, idan aka tsare naka fiye da ƙa'ida, sashe na 46 ya buɗe maka ƙofar babbar kotun jiha, kuma Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, aikinta ne ta samar da lauya ga wanda ba shi da hali.