Jama'ar Guna, Mu Daina Sayen Dariyar da Ke Cin Mutuncinmu

Iyayena da 'yan'uwana na Guna da ƙauyukan da ke kewaye, ina roƙonku ku karɓi wayar ɗanku yau da dare ku duba abin da mai turi ya cika masa. Za ku tarar da camama tuli. Wani ya ɗaura rawani a karkace yana kwaikwayon malami da batsa a bakinsa. Wani ya shafa gawayi yana bin mace da gudu. An sa gurgu ya faɗi a kwata, an sa mai i'ina ya yi ta fama da kalma ɗaya har a gaji da dariya. Fim ɗin ke nan, daga farko har ƙarshe. Babu labari, babu dabara, sai ihu da duka da zagi.

Ba gaba nake da dariya ba, kuma babu Badamagaren da za a koya wa raha. Mu ne masu wasan kara. Bayan an kawar da amfanin gona, samari su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da manyan gwamnati, su ƙera bindigogi da motoci da karan hatsi, su kwaikwayi tafiyar manya da maganarsu har mai mulki ya ga kansa ya yi murmushi, wani lokaci ma ya gyara. Ɗan Zinder, Inoussa Ousseini, ya ga darajar abin har ya ɗauke shi a fim a 1980. A zamanin Seyni Kountché, lokacin da samariya ke tashe, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Zinder da su Yazi Dogo ta sa Nijar duka dariya, kuma abin da take taɓawa shi ne ma'aikaci mai cin hanci da ɗan kasuwa mai algus da mai gida azzalumi. Kibiyarsu sama take nufa, wajen mai ƙarfi. Camamar yau ƙasa take harbi, kan wanda ba ya iya ramawa.

Wani zai ce ai barkwanci gadonmu ne, Babarbare da Bafulatani kullum suna tsokanar juna. Gaskiya ne, har UNESCO ta sa wannan wasa namu na Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma ku lura da sharaɗinsa: wanda ka tsokana yana gabanka, zai mayar maka nan take, ku rabu kuna musabaha. A fim ina damar mayarwa? An nuna Bafulatani bai san kuɗi ba, an nuna Buzu ba abin da ya iya sai gadi da shayi, an nuna baƙauye wawa ne da zai ga mota ya durƙusa. To wane ne baƙauyen? Mu ne. Manomin da ke ciyar da birni, shi ake mayarwa abin wasa, kuma ɗansa ne ke biyan kuɗi a tura masa. Yaron da ya taso yana kallon haka, ranar da ya je Zinder ko Kano sai ya ɓoye sunan garinsu.

Ga yadda ake yin irin waɗannan finafinan. Fim ko waƙa ko wani mutum ya yi suna, sai a ari sunan a liƙa. Ba a rubuta labari. A tara 'yan wasa a wani ƙauye, a ce kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa, cikin 'yan kwanaki an gama. Marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, ya yi Ibro Awilo da Ibro Usama da Ibro Saddam, kuma ko maƙiyinsa ya san Allah ya ba shi baiwa: kallo ɗaya zai yi ka riƙe ciki. Tun rasuwarsa a Disamban 2014, da yawa daga masu bin sawunsa sun ɗauki hular da ihun, baiwar kuwa ba su same ta ba, sai suke cike gurbinta da batsa. YouTube da TikTok sun ƙara rura abin, domin yawan kallo kawai suke ƙirgawa, ba ruwansu da wanda aka ci wa fuska.

Kada mu zauna jiran hukuma. Kano ta kafa hukumar tace finafinai tun 2001, kuma a 2008 har ɗaurin wata biyu aka yanke wa Ibro kan Ibro Aloko. Camama ba ta mutu ba, ƙaruwa ta yi, saboda masu saye ba su daina ba. Ikon yana hannun mai kallo.

Samarin fada, ku ne kan gaba. In an kunna fim ana yi wa nakasasshe ko mace ko wata ƙabila izgili, mutum ɗaya ya ce a canza, sauran su mara masa baya. Masu turi a kasuwa, ku zaɓi abin da za ku iya kallo tare da mahaifiyarku, ku ƙi sauran ko da ciniki zai ragu. Iyaye mata, ku zauna ku kalla da yara, ku tambaye su wa ake yi wa dariya a nan, kuma me ya yi. Malaman lakwal da na allo, ku ba yara fili su shirya wasansu. Masu gari da magajin gari, bana in an gama girbi ku kira samari, ku ba su dandali, a tayar da wasan kara a Guna, kuma ku yarda a kwaikwaye ku. Yaran da ke da waya su ɗauka su watsa, har mutanen Mirya da Magarya da Kano su gani.