Tsohon jirgin da aka tura bakin mutuwa

Wannan makon na ajiye zancen girki, saboda autana ya ishe ni da tambaya kan wani jirgin ruwan yaƙi da ya gani a waya, har sai da muka zauna muka bi labarinsa tare.

Amurka ce ta ƙera jirgin, ta sa shi a ruwa a 1919 da sunan Buchanan. A 1940 Jamus ta shaƙe Birtaniya, jiragenta na ƙarƙashin ruwa suna ta nutsar da masu kawo mata abinci. Amurka ba ta shiga yaƙin ba tukuna, sai aka yi ba ni gishiri in ba ka manda: ta miƙa tsofaffin jirage 50, aka ba ta izinin kafa sansanonin soja na shekara 99 a wurare irin su Jamaika da Trinidad. Buchanan na cikinsu. Turawan Ingila suka raɗa masa Campbeltown, har sojan ruwan Holan suka ɗan riƙe shi a 1941.

Da ƙarfinsa ya soma ƙarewa, sai aka zaɓe shi don aikin da babu dawowa. A garin San Nazer na Faransa akwai wurin gyaran jirage, shi kaɗai ne a wannan gaɓar teku zai iya ɗaukar Tirpitz, ƙaton jirgin Jamus. Aka cire biyu daga cikin bututan hayaƙinsa huɗu don ya yi kama da na Jamus, aka ɓoye nakiya sama da tan 4 a goshinsa. Cikin daren 28 ga Maris 1942 ya kutsa ana ruwan wuta, ya daki ƙofar wurin ya maƙale.

A nan yaron ya yi tafi. Ni kuwa jikina ya yi sanyi. Mutum sama da 600 suka tafi harin, 169 suka mutu, aka kama 215, kuma kowanensu wata ce ta yi naƙudarsa. Nakiyar ba ta tashi ba sai wajen tsakar rana, lokacin da Jamusawa suka taru suna duba jirgin. Ɗaruruwa suka hallaka. Na ce masa su ma ai da iyayensu mata, ya yi shiru.

Wurin gyaran bai sake aiki ba har yaƙin ya ƙare. Ƙararrawar jirgin kuwa ta tsira, daga baya aka ba da ita kyauta ga wani ƙaramin gari mai suna Campbelltown a jihar Pennsylvania ta Amurka.