Matsalar Lantarki a Gadarif da Makomar Kayan Kiɗan Mawaƙan Fau

Idan mai karatu bai manta ba, a tsakiyar watan Janairun shekarar 2025 ne jirage marasa matuƙa suka kai hari a madatsar ruwa ta Marawi da ke arewacin Sudan, bayan 'yan kwanaki kuma aka kai irinsa a tashar lantarki ta Shuwak da ke jihar Gadarif, lamarin da ya jefa Gadarif da Kasala da Sinnar cikin duhu. Rundunar sojin ƙasar ta ɗora alhakin hare-haren a kan dakarun RSF. A lokacin hankalin kowa ya koma kan asibitoci da injinan tura ruwan sha, kuma haka ya kamata. To amma akwai wani rukunin jama'a da ba a cika tunawa da su ba, wato mawaƙa da makaɗa da masu ba da hayar lasifika, waɗanda dukkan jarinsu ke ƙunshe cikin akwati guda, kuma minti ɗaya na mummunar wuta ya isa ya mai da su 'yan kallo a cikin sana'arsu.

Garin Fau yana kan babbar hanyar da ta haɗa Wad Madani da Gadarif, kuma nan ne hedkwatar shirin noman rani na Rahad. Bayan da Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, Fau ya zama bakin daga kuma matattarar 'yan gudun hijira, har zuwa Janairun 2025 da sojoji suka ƙwato Madani. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya wargaza manyan kasuwannin Khartum, inda a da ake sayen kayan sauti da kayan gyaransu, darajar fam ɗin Sudan kuma ta yi mummunar faɗuwa. Ma'anar wannan ita ce, wanda fiyanonsa ya ƙone a irin wannan hali, ba lallai ne ya sake mallakar wani ba.

Hausawa da Fulanin wannan yanki ba baƙi ba ne a fagen waƙar Sudan. A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha Falatiya, 'yar asalin Hausawa ce da ta taso daga gabashin ƙasar, kuma ita ce ake ɗauka mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940. A zamaninta murya da ganga sun wadatar a gidan biki. Yau kuwa makaɗi na tafe ne da fiyano, wanda mutanen Sudan ke kira organ, da mikisa, da makirufo marar waya, da amfilifaya, wani ma har da kwamfuta. Duk waɗannan suna cin abinci ne daga soket guda.

Abin takaici shi ne jihar Gadarif ba ta rasa tushen wuta ba. Madatsun ruwa na Atbara ta Sama da Setit, waɗanda aka ƙaddamar a 2017, an gina su ne don samar da megawat 320, layin da ya haɗa lantarkin Sudan da na Habasha kuma ta cikin jihar ya ratsa. Sai dai samar da wuta daban, isar da ita lafiya zuwa ƙarshen unguwa daban. A ƙa'ida wutar gida bolt 230 ce, kuma ma'aunin duniya ya yarda ta yi sama ko ƙasa da kashi 10 cikin 100, wato tsakanin 207 da 253. Duk abin da ya fita daga nan, kayan aiki ne ke biyan diyya.

Kuskuren da akasarin makaɗa ke yi, a Fau ne ko a Kano, shi ne ɗaukar cewa matsalar wuta iri ɗaya ce, maganinta ma ɗaya. Alhali kuwa abokan gaba uku ne. Na farko shi ne bugun wuta na farat ɗaya, wanda tsawa ke jawowa da damina, ko kuma lokacin da aka dawo da wuta bayan an ɗauke. Na biyu shi ne wutar da ta zauna a ƙasa ko a sama na tsawon lokaci. Na uku kuma yankewa gaba ɗaya ana tsakiyar waƙa.

Soket mai baki da yawa da ake sayarwa da sunan yana da kariya, na farkon kaɗai yake iya tarewa. A cikinsa akwai wani ɗan abu mai kama da kwabo da masu gyara ke kira MOV, wanda ke shanye bugun ya karkatar da shi. Duk bugun da ya sha yana rage masa ƙarfi, har ya mutu ba tare da mai shi ya sani ba, soket ɗin kuma ya ci gaba da ba da wuta kamar komai lafiya. Ba ya ɗaga wutar da ta yi ƙasa. Haka nan idan wayar nutural ta tsinke a layi mai fes uku, wuta na iya hawa har kusan bolt 400 ta zauna a nan, a lokacin shi kansa MOV ɗin ƙonewa zai yi. Na'urar Furman mai tsada da ake gani a akwatunan mawaƙan Amurka da Turai ma, yawancin ƙananan samfurinta tace wuta da tare bugu suke yi, ba daidaita ta ba, domin an ƙera su ne don ƙasashen da wutarsu ke tsaye.

Janareta ma da ake gudu wurinsa ba tudun mun tsira ba ne. Ƙaramin injin da ba shi da na'urar daidaita wuta, ƙarfinsa na hawa da sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Mai biki ya jona firiji da fitilu da kayan kiɗa a kan inji ɗaya, da zarar firijin ya tashi ko ya tsaya sai wutar ta yi tsalle. Ga kuma tarin tari da inji ke yi idan mai ya kusa ƙarewa, wanda ke da illa ga kayan sauti. A ƙara da doguwar waya siririya da ake jawowa daga nesa don gudun ƙarar inji, wadda ke cinye wani kaso na wutar kafin ta iso. Amfilifaya irin ta zamani mai jan wat 1,000 tana ɗaukar kimanin amfiya 4.3 a bolt 230, amma idan wuta ta sauko 180 sai ta ja kusan 5.6, zafi ya ƙaru a waya da filogi.

Abin tambaya a nan shi ne, me za a saka a cikin ɗan akwatin da babur ko keke mai ƙafa uku zai ɗauka? Faɗin irin wannan akwati inci 19 ne a duk duniya, tsayin kowane gurbi kuma santimita 4.4 da ɗoriya, saboda haka akwati mai gurbi huɗu bai kai santimita 18 ba. Wuri kaɗan ne, kuɗi ma haka, dole a san abin da za a fara da shi.

A ganinmu abu na farko shi ne ƙaramar na'urar nan mai nuna lambar bolt, wadda ke yanke wuta da kanta idan ta yi sama ko ƙasa fiye da inda aka saita ta, sannan ta jira 'yan daƙiƙu ko mintuna kafin ta mayar. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, ana iya ɗaure ta a bayan akwati ba tare da ta cinye gurbi ba, kuma kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin fiyano ba. Bayanta sai mai tare bugu. Sitabilaiza kuwa, gara a bar ta a waje a ƙasa, domin taransifomar da ke cikinta tana da nauyi da zafi, kuma idan ta kusanci mikisa sai a ji gurnani a lasifika. UPS ko inbata da batir, a jona musu ƙananan kaya kawai, kamar fiyano da mikisa da kwamfuta, waɗanda wutar da suke ja kaɗan ce. Amfilifaya ta bi nata layin, a kunna ta a ƙarshe, a kashe ta da farko. Sannan a bar wa iska hanya. A yankin da zafin bazara ke haura digiri 40, ga ƙura, akwatin da aka cushe maƙil yana kashe kaya ko da wuta lafiya lau take, batir mai ruwa kuma zafi na rage masa kwana ƙwarai.

Duk wannan maganar dukiya ce. Akwai ta rai, wadda ta fi. Da yawa daga masu haɗa sauti na cire ƙafar filogi ta uku, wato wayar ƙasa, don kawar da gurnani ko don filogin ya shiga soket mai ido biyu. Wannan ganganci ne, domin idan wuta ta zuba a jikin ƙarfe, ta jikin mai riƙe da makirufo za ta nemi hanyar ƙasa. A watan Mayun 1972 makaɗin jita Les Harvey ya mutu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya bayan ya taɓa makirufon da ba a haɗa shi da ƙasa yadda ya kamata ba. Filin biki da aka yayyafa wa ruwa, da mawaƙi mai gumi, babu abin da ya rage sai tsautsayi. Maganin shi ne a kafa sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa ta da janareta da akwatin, a kuma saka makunnin nan da ake kira RCD mai yankewa a miliamfiya 30.

Makaɗan Arewacin Najeriya sun daɗe da sanin wannan karatu, tun zamanin NEPA har zuwa KEDCO da ta karɓi Kano da Katsina da Jigawa a 2013. Duhun da ya mamaye yawancin jihohin Arewa na fiye da mako guda a Oktoban 2024 ya ƙara tura masu situdiyo zuwa ga sola da inbata. Darasin da 'yan'uwansu na Fau za su ɗauka shi ne inbata ma iri-iri ce, mai fitar da tsabtatacciyar wuta ce ta dace da kayan sauti, mai araha kuwa ƙugi take sakawa a lasifika. Araha dai ba ta ado.

Gyaran tashoshi da layuka aikin hukuma ne, kuma ba zai tabbata ba sai an daina mai da kayan amfanin jama'a abin kai wa hari. Haka nan hukumar kula da ingancin kaya ta Sudan na da haƙƙin sa ido kan jabun soket da ke shigowa ta Port Sudan da kan iyaka, masu ɗauke da rubutun kariya alhali cikinsu fayau. Amma kafin nan, ya rage wa makaɗa su haɗa kai su sa sharaɗi ga masu biki cewa kayan kiɗa su samu layinsu daban, kuma kowa ya auna wuta da mita kafin ya jona. Wanda ya iya tara kuɗin fiyano bai kamata ya gaza sayen abin da zai tsare shi ba, tunda rigakafi ya fi magani. Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya kare mu daga tsautsayi da asara.