Ba ƙarfin yatsa ke fitar da ƙwan tarwaɗa ba

Duk wanda ya zauna da masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ya san wannan kuka: an yi wa uwa allura, an matsa cikinta, ƙwai ya ƙi fita, ko ya fito cakuɗe da jini. Nan take sai a ɗora laifi a kan kifin, ko a ce maganin jabu ne. Ban yarda ba. Galibi laifin na hannun da ya matsa ne, da kuma rashin ma'aunin zafi a bakin tanki.

Tarwaɗa a daji ba ta zubar da ƙwai sai damina ta kankama, ruwa ya malale cikin ciyawar fadama. A tankin siminti ba ta ganin wannan alama, don haka ƙwan yakan girma ya tsaya a cikinta. Wannan ba cuta ba ce; idan aka ƙyale ta, jikinta kan shanye shi sannu a hankali. Allurar Ovaprim, rabin mililita ga kowane kilo, ko ruwan ƙullin nan da ake cirowa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwar wani kifi, aikinta kawai ta tsaya a madadin damina.

To, amma allura ba ta bin agogo, zafin ruwa take bi. Da ruwan ƙullin, ƙwai kan saku cikin kimanin awa 7 idan zafi ya kai digiri 30, awa 11 a digiri 25, kusan awa 21 a digiri 20. Mai koyo ya haddace "awa goma" daga bidiyon da aka ɗauka a Ibadan, ya zo ya gwada a Zariya cikin hunturu. Ƙwan bai saku ba, ya danna da ƙarfi, ya ji wa uwar ciwo. Wani kuma ya makara a lokacin bazara, ƙwan ya wuce nuna ya fara lalacewa a ciki. Ga shi an riga an yanka namiji don a ɗebi maniyyinsa. Asara biyu ke nan.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu ninka allura don ciki ya kumbura. Kumburi na iya zama kitse, ko ruwan cuta. Siririn bututu ya isa a zuƙo 'yan ƙwayaye a duba: nunannu girmansu ɗaya, sun ɗan haura milimita 1. Idan lokaci ya yi, shafa kaɗan ta isa ƙwai ya kwararo. Idan sai an danna, a mayar da ita ruwa, a sake dubawa bayan awa guda.